Yadda za ka bi sawun aikin gwamnati na garinku da wayar hannunka

Har yanzu mutane da yawa ba su san kasafin kuɗin Najeriya gaba ɗayansa yana kan intanet ba, kyauta, kuma ba kasafin kaɗai ba har da sunayen kamfanonin da aka biya da ranar da aka biya su. Sai ka ji ana ta musu a teburin mai shayi, wannan ya ce ɗan majalisa ne ya cinye kuɗin rijiya, wancan ya ce ƙarya ne ba a ma saki kuɗin ba, a yi ta yi har a kira magariba babu wanda ya riƙe takarda ko ɗaya. Na daɗe ina wannan bin sawu, ajujuwan firamare ne, rijiyoyin burtsatse ne, fitilun sola, ƙananan asibitoci, kuma duk aikin bai wuce haɗa abu uku wuri ɗaya ba: abin da aka rubuta a kasafi, abin da aka biya, da abin da yake ƙasa. In ɗaya ya ɓace a cikin ukun nan to maganarka ba ta da ƙarfi, duk yadda ka kai ga jin haushi.

Kayan da za ka tanada

Waya mai Android wadda kyamararta ke ɗaukar hoto tas, da data kamar giga ɗaya ko biyu saboda fayil ɗin kasafin tarayya katoto ne, shafukansa sun haura dubu. Ka sa manhajar buɗe PDF mai wurin bincike, WPS Office ko Adobe duk suna yi, WPS ɗin ma ta fi don tana buɗe Excel. Ka ƙara da manhajar kyamara irin wadda ke buga rana da lokaci da lambobin GPS a jikin hoto, suna nan birjik a Play Store. Sai adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba irin su sarkin yaƙi 2020 ba, hukuma za ka rubuta wa. Littafi da biro, da tef ɗin awo in aikin gini ne.

In akwai kwamfuta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In babu, ka je kafe ko bizines senta a sauke maka fayilolin sau ɗaya a tura maka a waya ko filashi, daga nan ba ka ƙara buƙatar data don karantawa. Sannan ka samu mutum ɗaya mai jin Turanci sosai in naka bai yi ƙarfi ba, don gaskiya kusan duk takardun nan da Turanci suke, wannan kuma abu ne da ke ci min rai, an ce an buɗe wa talaka bayanai amma an buɗe su da harshen da rabin talakawan ba sa karantawa.

1. Fara gano aikin na waye

Nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata. Mutum zai kwana yana neman aikin jiha a kasafin tarayya. Ka je wurin aikin ka duba allon da aka kafa, yawanci yana ɗauke da sunan aikin, hukumar da ta bayar, ɗan kwangila, wani lokaci da sunan ɗan majalisar da ya kawo. Ka ɗauki hotonsa tun yau don alluna suna da saurin ɓacewa. In ka ga SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, to ta jiha za ka bi, koda yake kuɗin haɗin gwiwa ne da takwararta UBEC ta tarayya. In ka ga sunan sanata ko ɗan majalisar wakilai to aikin mazaɓa ne, tarayya za ka nufa. In babu allo kwata-kwata, tambayi mai unguwa ko hedimasta ko ma leburorin da suka yi aikin, su sun san wanda ya sallame su.

2. Sauko da kasafin, kuma ka sauko da wanda ya dace

Na tarayya yana shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, budgetoffice.gov.ng. Za ka tarar da iri biyu na kowace shekara kuma dole ka bambance su. Akwai Appropriation Bill, wato ƙudurin da shugaban ƙasa ya kai majalisa, akwai kuma Appropriation Act, wanda majalisa ta gama ƙare-ƙarenta aka sa masa hannu ya zama doka. Na biyun kake so. Yawancin ayyukan 'yan majalisa ba sa cikin na farko, a majalisa ake cusa su, so in ka duba ƙudurin ka ce babu aikin garinku ka yi kuskure. Ayyukan mazaɓu da ake kira ZIP, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 duk shekara, suna da jerinsu daban, shi ma ka neme shi.

Kar ka tsaya a shekara ɗaya. Ka sauko da na bana da na bara da na bara waccan, saboda a 'yan shekarun nan ana tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka ya shiga shekarar gaba, aikin da kake gani ana yi yau mai yiwuwa kuɗin kasafin bara ne.

Na jiha kuma ka duba shafin gwamnatin jiharku ko na ma'aikatar kasafi da tsare-tsare. Tun da aka fara shirin SFTAS na Bankin Duniya a 2018, wanda ya riƙa ba jihohi tallafi in sun wallafa kasafinsu da rahoton yadda suka kashe, kusan kowace jiha ta shiga sa nata a intanet, har da rahoton wata uku-uku. In shafin ya ƙi buɗewa, kuma yana ƙi, ka duba wurin BudgIT, ƙungiya ce mai zaman kanta da ke tara waɗannan takardu tun 2011.

3. Bincike a cikin fayil

Kar ka ce za ka karanta shi daga farko, ba littafin hira ba ne. Danna alamar bincike ka rubuta sunan garinku. Toh a nan fa sai ka yi haƙuri, domin masu buga kasafi ba su da ƙa'ida ɗaya wajen rubuta sunayen garuruwanmu. Dambatta za ka gan ta da m za ka gan ta da n. Birnin Kudu tana zuwa a B/Kudu, Tudun Wada a T/Wada, Ƙaura Namoda a K/Namoda, Dutsin-Ma wani lokaci a haɗe wani lokaci a rabe. Dabarar ita ce ka rubuta guntun sunan kawai, kamar kudu ko namoda ko batta, kuma kar ka sa ƙ ko ɗ mai lanƙwasa don ba sa amfani da su. In sunan ƙauyen bai fito ba ka gwada na ƙaramar hukuma, in bai fito ba ka gwada sunan mazaɓar tarayya ko ta sanata, in duk shiru sai ka bi ta irin aikin da Turanci, borehole ko classroom ko solar, ka riƙa duba masu sunan jiharku.

Ka kula da sunaye masu maimaituwa. Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Rimi kusan kowace jiha a Arewa akwai su, ka karanta layin har ƙarshe ka tabbatar jiharku ce kafin ka tayar da hankalin mutane.

Wani abu kuma da zai ba ka mamaki: kar ka zaci rijiya dole tana ƙarƙashin ma'aikatar ruwa. Sau tari za ka tarar da fitilun sola na garinku an maƙala su ƙarƙashin wata kwalejin aikin gona ko cibiyar bincike da ke can wata jiha mai nisa, wadda ba ruwanta da fitila. Haka ake yi, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa ayyukan mazaɓu lalacewa, don hukumar da ke biyan kuɗin ba ta da injiniyan da zai zo ya duba. Shi ya sa nake cewa ka bincika fayil ɗin gaba ɗaya, ba ɓangaren ma'aikata ɗaya ba.

In ka samu, ka kwafe abu biyar a littafinka: lambar aikin, wadda yawanci ke farawa da ERGP ko ZIP, cikakken sunan aikin yadda aka rubuta shi, hukumar da yake ƙarƙashinta, kuɗin, da ko an rubuta NEW ko ONGOING. Ka ɗauki sikirinshot da lambar shafin a jiki. Ka ƙirga sifilin da yatsa uku-uku daga dama, na sha ganin an mayar da miliyan 25 ta zama miliyan 250 a Facebook, kuma da zarar an kama ka da wannan shikenan duk sauran gaskiyarka ta bi ruwa.

4. Duba ko an saki kuɗin

Kasancewar aiki a kasafi ba ya nufin an biya. Kasafi niyya ce kawai, ayyuka da yawa suna shekara a takarda ba a sakar musu ko kwabo ba, kuma zalunci ne ka kira mutum ɓarawo a kan kuɗin da bai fito daga baitulmali ba.

Wurin dubawa shi ne Open Treasury Portal, opentreasury.gov.ng, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Disamban 2019 ƙarƙashin ofishin Akanta Janar. Ƙa'idarsa ita ce kowace ma'aikata ta wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5, shi kuma Akanta Janar daga miliyan 10, da sunan wanda aka biya da dalilin biyan. Matsalar ita ce fayilolin rana-rana ne, in ba ka san ranar ba za ka wahala, kuma akwai ranakun da za ka tarar ba a ɗora komai ba ko bayanin biyan guntu ne ba ya nuna komai. Hanya mafi sauƙi ita ce GovSpend, govspend.ng, na BudgIT ne, bayanan Open Treasury ɗin suke kwasowa su zuba wuri ɗaya yadda za ka iya bincike da sunan kamfani ko na hukuma ko na gari. Ka fara da can, in ka samu ranar sai ka koma shafin gwamnati ka sauko da asalin fayil ɗin, don hujjar da ta fito daga shafin gwamnati ita ce ba a iya musantawa.

Ka sani ba a biyan kwangila a dunƙule. Akwai kuɗin kafin alƙalami, wanda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ƙayyade a kashi 15 daga baya aka ɗaga shi zuwa kashi 30, sauran kuma ana biya ne bisa yadda aiki ya ci gaba. Ana kuma cire haraji, VAT kaɗai kashi 7.5 ne tun 2020. Misali a ce aikin miliyan 30 ne ka ga an biya miliyan 8 da 'yan kai, to kafin alƙalami ne, kuma ginin da ya kai linta da wannan kuɗin ba abin zargi ba ne. Amma in ka ga an biya kusan duka kuma an rubuta biyan ƙarshe ne alhali a wurin ko tushe ba a haƙa ba, toh yanzu kana da magana.

In aikin bai kai miliyan 5 ba, ko na jiha ne, ba zai fito a nan ba. Sai ka duba rahoton wata uku-uku na jihar ko shafin hukumar kula da kwangiloli ta jiha, in ba su sa ba ka tsallaka zuwa mataki na 7.

5. Waye ɗan kwangilar

Hukumar BPP mai kula da kwangilolin tarayya tana da shafin NOCOPO inda ya kamata hukumomin tarayya su riƙa sa bayanan kwangilolinsu, ka gwada, amma ba duka ke sawa ba. Da sunan kamfanin a hannunka sai ka shiga shafin binciken CAC, hukumar yi wa kamfanoni rijista, ka ga lambar rijistarsa, adireshinsa da ranar da aka yi masa rijista. Tun 2023 akwai kuma rijistar masu ainihin mallakar kamfanoni. Ranar rijista ita nake fara dubawa, kamfanin da aka yi wa rijista wata biyu kafin a ba shi aiki abin tambaya ne. In ka ga an rubuta inactive kar ka yi saurin cewa kamfanin bogi ne, yawanci ma'anarsa bai kai rahotonsa na shekara ba ne kawai.

6. Je ka gani da idonka

Gani ya kori ji. Ka je da safe ko da la'asar lokacin da hoto ke fita, kuma kar ka je kai kaɗai, ku je ku biyu ko uku, ka fara gaida mai unguwa ko dagaci ka faɗa masa abin da ya kawo ka. In makaranta ce nemi izinin hedimasta da shugaban kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, in asibiti ne nemi in-caji, kuma kar ka ɗauki fuskar yara ko marasa lafiya. In wurin babu tsaro kar ka je sam, ka nemi ɗan garin da ka yarda da shi ya ɗauko maka.

Ka ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga wata alama da kowa ya sani, masallaci ko bishiya ko allon makarantar, sannan ka matso. Ka gwada abin da ke ƙasa da abin da aka rubuta kalma da kalma. An ce ajujuwa uku da ofis da sito da kujeru? Ƙirga su. An ce burtsatse mai sola da tankin sama? Murɗa famfon ka ɗauki bidiyo, ka tambayi matan da ke ɗiba yaushe rabon da ya kawo ruwa, su suka fi kowa sani. An ce fitilu 50? Ka bi su ɗaya-ɗaya, ka dawo bayan isha'i ka ga nawa ke kamawa. In an rubuta sabon gini amma ka tarar da tsohon gini aka shafa wa fenti, nemi tsofaffin hotuna wurin mutanen gari.

Wajen tura hotunan ta WhatsApp ka tura su a matsayin dokimen ba hoto ba, in ba haka ba zai matse su ya goge bayanan da ke ciki. Ka ajiye kwafi a imel ɗinka saboda waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

7. Rubuta wasiƙar neman bayani

Wannan shi ne makamin da aka fi rainawa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, FOI, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta ba kowa damar neman takardun hukuma, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa, in za ta hana dole ta rubuto dalili, kuma ba za ta caje ka komai ba sai kuɗin fotokofi. Wanda bai iya rubutu ba wani na iya nema a madadinsa. Da can jihohi da yawa suna cewa dokar ba ta shafe su ba, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafe su.

Ka rubuta wa shugaban hukumar da ka gani a kasafi, shafi ɗaya ya isa. Ka ambaci dokar a sama, ka sa lambar aikin da sunansa da shekarar, sannan ka jera abin da kake so: takardar ba da kwangila, sunan kamfani, jimillar kuɗin, abin da aka biya zuwa yau da ranakun, takardar BOQ wadda ke lissafa kayan da ya kamata a sa, da takardar shaidar kammalawa in akwai. BOQ ɗin nan ita ce zuciyar abin, da ita za ka san ko kwano mai kauri aka ce a sa aka sa mai shara-shara. Kar ka yi wa'azi a wasiƙar, kar ka zargi kowa, kar kuma ka ce a ba ka duk bayanan ayyukan shekara goma, hanyar guduwa kake ba su.

Ka kai kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi, daga wannan ranar kwanakin ke fara ƙirguwa. In Abuja ta yi maka nisa ka aika ta kamfanin aika saƙo ka riƙe rasit, ka kuma tura ta imel, wasu hukumomin ma suna da fom na FOI a shafinsu. In kwanakin suka cika shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin an hana ka, kana da kwana 30 ka kai ƙara babbar kotu, kuma akwai tarar naira 500,000 ga wanda ya hana ba bisa ƙa'ida ba. Kafin kotu dai ni tunatarwa nake fara aikawa tare da kwafin mai hatimin, sau da yawa ita ke motsa fayil.

8. Kai rahoton inda za a ji

Gwamnati da kanta ta buɗe ƙofofi, a yi amfani da su. Akwai Eyemark da aka ƙaddamar a ƙarshen 2022, inda za ka nemo aikin tarayya ka ɗora hoto da ra'ayinka a ƙarƙashinsa. Akwai Citizens' Delivery Tracker da ofishin Hadiza Bala Usman, mai ba shugaban ƙasa shawara a lokacin, ya buɗe a 2024. 'Yan Kaduna suna da Eyes and Ears tun zamanin El-Rufa'i. In kuma abin ya nuna an karɓi kuɗi an gudu, ICPC tana da shirin bin ayyukan mazaɓu tun 2019 wanda ya sha mayar da 'yan kwangila bakin aiki, ka rubuta musu ƙorafi ka haɗa da duk takardunka. Ka kuma tura wa Tracka, shirin BudgIT na bin sawun ayyuka, suna da jami'ai a jihohi. Ba zan ce maka duk wanda ka tura wa zai amsa ba, wasu shafukan a mace suke, shi ya sa ake turawa wuri fiye da ɗaya.

Sai soshiyal midiya. Tana aiki in an yi ta da hujja, da ita Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money suka matsa har aka saki kuɗin tsabtace Bagega a Zamfara a 2013, bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a yankin. Ka sa sikirinshot na kasafi, na biyan kuɗi, da hoton wurin, ka yi tagin hukumar da ɗan majalisar a X da Facebook, ka yi tambaya kawai: ga abin da aka ware, ga abin da aka biya ranar kaza, ga yadda wurin yake yau, ina aka kwana? Dan Allah kar ka rubuta ɓarawo ko maciyin amana, an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet a kan irin wannan, kuma zagi yana ba su damar mayar da maganar ta siyasa. Ka rubuta da Hausa da Turanci, na Hausar ka yi shi da murya ma ka tura guruf-guruf na gari don iyayenmu su ji.

In garinku netwok ba shi da ƙarfi ko mutanen ba 'yan Facebook ba ne, buga takardun ka kai gidan rediyo wurin masu shirin ƙorafin jama'a, ka kai kwafi fadar hakimi, ka ba ƙungiyar ci gaban gari su sa hannu da sunansu maimakon naka kai kaɗai. Bayan sati biyu ko uku ka koma wurin aikin ka tsaya daidai inda ka tsaya da farko ka sake ɗaukar hoto, in an dawo aiki ka sanar a duk wuraren da ka kai ƙorafi, in ba a dawo ba ka haɗa hoton farko da na biyu ka sake turawa da lambar ƙorafinka ta baya.